Gwamma Mai Awo a Tsibirin Ulu

A garin Ƙirya akwai wata tsamiya da ta taɓa yin mako uku ba ta da inuwa. Ganyenta kore shar, rassanta na nan yadda suke, rana na dukan ta ta sama, amma ƙarƙashinta fayau kamar masussuka. Akuya ta zo za ta kwanta, ta dubi ƙasa, ta dubi sama, ta wuce abinta.

Tun muna yara ake gaya mana sarki ne ke kafa gari, gari kuma ya haifi kasuwa. Ni dai na daɗe ina yi wa maganar nan kallon hadarin kaka, kuma tsamiyar nan na cikin dalilaina.

A gindinta kasuwar Ƙirya ke ci kowace Laraba. A nan Gwamma mai awo ta shekara arba'in tana auna gero. Kowa ya san awonta: ta cika mudu har ya yi tozo, ta juye wa mai saye, sannan ta ɗebo dintsi guda ta ƙara masa, ta ce, “Ga gyara.” Abin da ya zube ƙasa ba ta tsincewa. Haka duk ma'aunan kasuwar ke yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Sai aka naɗa sabon maigari, Barmo. Ya zaga kasuwa, ya ga geron da ke zubewa, abin ya tsaya masa a rai. Ya kawo wata 'yar sandar gora da tabarma. Ya ce daga yau a shafe bakin mudu da sandar, tozon ya zuba a tabarmarsa, gyara kuwa an hana.

Larabar farko inuwa ta ɓace. Ta biyu fatake suka riƙa ratsewa ta bayan gari kamar ba su ga hanya ba. Ta uku mutum tara suka zo, biyar daga cikinsu kallo ya kawo su.

Sarkin Pawa Nomau ya tarar da Gwamma tana naɗe buhunta. Ya ce, “Yaya Gwamma, sa guda na yanka, kwana uku muna cin sa, ni da karnukan gari. Laraba mai zuwa in ba ta ci ba, zan ɗaura wa jakuna kaya.”

Ba sai an yi mata fassara ba. Kasuwar da mahauta suka bari ta mutu, garin da kasuwarsa ta mutu kuwa kufai ne mai jiran lokaci. A Ƙirya aka binne cibiyarta, a nan iyayenta ke kwance.

Washegari da rana tsaka, lokacin da mai hankali ba ya zama gindin tsamiya, Gwamma ta cika mudunta da gero, ta je ta zauna. Ta ɗebi dintsi ta watsa a kan saiwa. Saiwar ta tsage kamar an buɗe ƙyaure. Wani dogon mutum ya fito, rawaninsa na taɓa reshe, ƙafafunsa kofato.

Ya ce, “Ke 'yar Adam, mako uku ba a ba mu ko ƙwaya ba. Me ya kawo kyauta bayan rowa?”

Ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, cigiyar inuwarmu nake yi.”

“Inuwar ba ta tsamiya ba ce. Mayafin Magajiyar Rumfa ne, uwar kasuwarku. Abin da ke zuba ƙasa wajen awo shi ne abincinta. Kuka hana, ta naɗe mayafinta, ta tafi wurin ƙanwarta a tsibirin ulu, ƙasar da ake kira Ingila.”

“Da nisa?”

“Hamada guda, teku guda, da shekara ɗari biyar baya. Saiwoyin kasuwannin duniya a haɗe suke a ƙarƙashin ƙasa, saiwa kuma ba ruwanta da lissafin shekaru.”

Gwamma ta gyara ɗaurin zane. “Ina ƙofar?”

Aljanin ya dube ta, ya ga da gaske take. Ya ce, “Kowace ƙofa tana cin dintsi guda. Ki ƙulle ɗaya a haɓar zaninki, don ƙofar dawowa ba ta buɗewa sai da shi. In kika rasa shi, can za a binne ki.” Ya ba ta ƙwallon tsamiya ta sa a ƙarƙashin harshe, ya ce muddin yana nan, babu yaren kasuwar da zai gagare ta.

Ta ƙulle dintsinta, ta yi bisimilla, ta shiga.

Ƙofar farko ta fitar da ita tsakiyar hamada, cikin wata kasuwa da ba a magana. Ga tulin gishiri, ga tulin zinariya, masu kayan guguwa ce tsaye, suna juyi a wuri guda. Wannan ya ƙara tulinsa, wancan ya rage nasa, ba wanda ya ce uffan. Gwamma ta ga wata guguwa na shirin sallama gishiri a kan rabin ƙimarsa, “albarka” ta taso mata har maƙogwaro. Sai ta hangi ƙasusuwan waɗanda suka taɓa tsoma baki, rairayi ya rufe su rabi. Ta ciji bakin mayafinta, ta wuce. Ta ce duk tafiyar babu inda ta wahala kamar nan.

Ƙofa ta biyu ƙarƙashin teku ta buɗe. A nan ake cin kasuwar kayan jiragen da suka nutse, masu rumfunan kawunansu na kifi. Wani babba cikinsu, mai gashin baki irin na tarwaɗa, ya shinshina haɓar zaninta.

“Baƙuwa, ina jin ƙamshin abin da rana ta nuna. Ba mu taɓa ɗanɗana shi ba. Ba ni ƙullin nan, in cika miki mudu da lu'ulu'u.”

Ta ce, “Allah ya ba ka nasara, lu'ulu'u ba ya buɗe ƙofa. Albarka.”

“In ƙara miki da jirgi?”

“A Ƙirya ko rafin kirki babu. Albarka.”

Ƙofa ta uku ta tofo ta a kan wani tudu, ruwa na yayyafi. Ta duba gabas, ta duba yamma, kore ne har iyakar gani, ga tumaki kamar an watsa auduga. Ta ƙirga tumaki ɗari kafin ta ga makiyayi guda. Can ƙasa ga gari mai ganuwa a mahaɗar hanyoyi huɗu, amalanke na ta shiga ɗauke da buhuna manya kamar ɗaki. Wani mutum kuma na zaune kan doki a bakin ƙofa, yana leƙa fuskar duk macen da ta fito.

Gwamma ta bi ayari ta shiga, haƙoranta na kaɗawa. A lungu na biyu wata mace mai jan gashi na tsaye a ƙofar ɗaki tana kaɗi, mazarinta irin namu sak. Ta ga Gwamma, ta saki baki.

“Iya, daga ina? Kin kusa daskarewa!” Ta shiga ciki, ta fito da bargon ulu, ta lulluɓa mata. Ta ce sunanta Alis.

Da jikin Gwamma ya yi ɗumi, bakinta ya buɗe. “'Yata, tumakin nan duk na yanka ne?”

Alis ta yi dariya. “Wa zai yanka mai ba shi riga duk shekara? Gashinsu ake yi wa. A aske, a cusa a buhu, a tura hayin teku wurin masaƙa. Kin ga ɗakin ibadar can mai tsini? Ulu ne ya gina shi. Gadar da kika tako ma ulu ne. Kakata ta ce da tana yarinya ba komai a nan sai rijiya da wasu mata uku masu sai da cuku.”

“To wane sarki ya kafa garin?”

“Sarki? Garin ya riga ya tsaya da ƙafarsa kafin 'yan kasuwa su haɗa kai su je su karɓo takardar fata mai hatimi. Ita ta ce mai ƙasa ya karɓi rabonsa sau ɗaya a shekara, ya cire hannunsa daga kasuwa.”

“Mai dokin can na bakin ƙofa fa, wa yake nema?”

Alis ta rage murya. “Ni. A gandun ubangidansa aka haife ni. Mu ba bayi ba ne, amma ba 'ya'ya ba ne. Kwana uku a mako noman ubangida, ba ka barin ƙasar sai da izininsa. Na gudo. Takardar garin ta ce duk wanda ya shekara da kwana ɗaya a cikin ganuwa ba a kama shi ba, ya zama ɗa. Yau ne kwana ɗayan, Iya. In aka kaɗa ƙararrawar tashin kasuwa ina ciki, shi ke nan.”

Gwamma ta riƙe haɓa. Kasuwa mai 'yanta mutum! Ta tambayi wannan, ta tambayi wancan, har ta ji cewa a ƙasar ba a kafa kasuwa kusa da kasuwa, sai an bar tazarar da mutum zai je da ƙafa, ya yi ciniki, ya komo gida da sauran rana. Sannan ta tuna bargon da ke kafaɗarta. Ba ta saba karɓar kaya hannu sake ba. Ta ce wa Alis ta tara zani, ta juye mata sauran geron mudun.

Hannu ya sauka a kafaɗarta. Dogarin kasuwa ne, wani jibgege mai jan gemu.

“Ciniki kafin a kaɗa ƙararrawar buɗewa! Ku wuce gaban alƙali.”

Alis ta yi fari fat. Hukuncin mai wannan laifi, in an tsananta, kora ce daga gari. Mai doki kuwa tuni ya sauko ya biyo su yana murmushi.

Ana tafiya da su aka kaɗa ƙararrawa, kasuwa ta barke da hayaniya. Aka kai su wata rumfa kusa da wani dogon gicciye na dutse da ke tsakiyar fili. Dogari ya ce nan ne shari'ar masu ƙura a ƙafa, inda ake yanke wa matafiya hukunci a yinin, don kada fatake su kwana jiran alƙali.

Gwamma ta dubi ƙafafunta. “Ƙura? Laka dai.”

Alƙalin ya yi dariya. Wani ƙaƙƙarfan tsoho ne, yatsunsa duk shuɗin rini. Ashe shi ma ɗan kasuwa ne, 'yan'uwansa suka zaɓe shi.

Gwamma ta ce, “Allah ya gafarta malam, ba ciniki muka yi ba. Ni sanyi na ji, ita tausayi ta ji.”

Ya ce, “Kaya ya fita hannu, kaya ya shiga hannu, mu ciniki muke kiran sa. Mun sa dokar ne don kada masu hali su saye kaya tun da asuba, talaka ya zo ya tarar da tsada.”

“'Yan tare ke nan! Mu ma muna da su, dokar ce ba mu da ita.”

Mai doki ya matso. “Laifi ya tabbata. A fitar da matar nan waje.”

Alƙali ya dube shi sama da ƙasa. “A gandu kake magana ko a kasuwa?” Ya juya ga Gwamma. “Ke baƙuwa ce, ba ki sani ba. A warware cinikin, a sake shi yanzu a gabana, da ma'aunin gari. In ya tafi daidai, ba laifin kowa.”

Aka kawo wani ma'auni na katako mai hatimi a gefe. Gwamma ta juye geron ciki, ya ɗan yi tozo. Sai ga dogari ya zaro wata 'yar sanda ya shafe bakin.

Ta ce, “Ashe Barmo har nan yana da dangi! Tozon ina za shi?”

Alƙali ya ce, “Jakar gari. Da shi ake toshe ramukan hanya, a ɗinke gada.”

Gwamma ta ajiye wannan a ranta. Sanda iri ɗaya, amma ba tabarma ɗaya ba.

Ta juye wa Alis a zani. Alis ta tsaya, zani a tare. Hannun Gwamma ya koma cikin mudu neman gyara, ya tarar da wayam. Shekara arba'in ba ta taɓa sallamar mai saye da awo tsirara ba, sai mako ukun Barmo, kuma har yanzu kunyar su ba ta sake ta ba. Ta dubi haɓar zaninta. Ta tuna maganar mai kofato, ta tuna lu'ulu'un da ta ƙi. Ta dubi yarinyar da ta lulluɓe ta ba tare da ta tambayi ko sunanta ba.

Ta kwance ƙullin, ta zuba mata. “Ga gyara.”

Ƙwayoyi suka zube a kan dutse.

Dogari ya daka tsawa, “Ta wuce ma'auni!” Mai doki ya ce a kore su duka biyu.

Alƙali ya shafa gemu ya daɗe. Ya ce, “Dokarmu ta san hukuncin mai tauye awo. Na mai ƙarawa ban taɓa jin sa ba. Masu burodinmu ma in an sayi goma sha biyu sukan ɗora guda, don tsoron kada a auna a ga ya gaza. Ciniki ya yi. Ku tafi.”

Bai rufe baki ba komai ya tsaya cik. Yayyafi ya tsaya a sama, kare ya tsaya da ƙafa ɗaya a ɗage. Daga kan gicciyen dutse wata doguwar tsohuwa ta sauko, baƙa wuluk, ta rame, lulluɓe da mayafin da sanyin inuwa ke fita daga cikinsa. Ta tsuguna tana tsintar geron ɗaya bayan ɗaya tana kaiwa baki.

Ta ce, “Gwamma 'yar Ƙirya, na san hannunki. Kin san abin da kika zubar?”

“Na sani, ranki ya daɗe. Hanyar gida ce.”

“Don me?”

“Hannun ne bai iya ba. Ni kuma ban hana shi ba.”

Magajiyar Rumfa ta lumshe ido tana tauna. “Ƙanwata ta karɓe ni da mutunci. Kasuwarta da tsari, ba a cutar baƙo, tana mai da bawan gandu ɗa. Amma abincinta burodin nan ne na goma sha uku, wanda tsoro ya gasa. Yana cika ciki, ba ya da ɗanɗano.”

“To mu koma gida, uwata. Laraba mahauta za su tashi.”

“In koma in ci sanda?” Ta cire mayafinta, ta ninke shi, ta ninke, har ya shiga mudun Gwamma, ta rufe da faifai. “Zan kai ki, don ba a barin mai gyara a hanya. Amma kada ki ɗaga faifan nan sai Barmo ya karya sandarsa da hannunsa. In kika riga shi, mayafin zai dawo mini, ba kuma zan sake aikowa ba.”

Gwamma ta ce, “Na ji. Alfarma guda: a bar ni in ji ƙararrawar tashi.”

Aka bar ta. Ta yini tana zaga rumfuna, tana taɓa ulu, tana ɗanɗana cuku tana yamutsa fuska. Da yamma ƙararrawa ta kaɗa. Mai doki ya tofar da yawu, ya juya linzami. Alis ta zauna daɓas a cikin laka, tana kuka tana dariya. Gwamma ta dafa kan Alis, sai ƙasa ta buɗe.

Ta fito gindin tsamiya da hantsin Laraba. Fili fayau. Jakunan Sarkin Pawa na tsaye da kaya, Maigari Barmo na zaune kan tabarmarsa shi kaɗai, sanda a cinya.

Nomau ya ce, “Yaya Gwamma, ina kika shiga kwana shida? Kuma wannan bargo fa, a zafin nan?”

“Sauke kayanka, ka tara mini masu awo da masu rumfa.”

Suka taru, ba su fi ashirin ba. Ta yi musu magana a gefe, sannan suka zo gaban Barmo gaba ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba.

Ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, mun yi shawara. Duk kaka kowannenmu zai kawo maka rabonka har gida, sau ɗaya. Bayan wannan, bakin mudu namu ne. Ka karya sandar.”

Barmo ya ce, “Ke, Gwamma, tsufa ne ya fara taɓa ki? Kasuwar nan tawa ce. Kakana ya kafa ta.”

“To ranka ya daɗe, kira ta ta zo.”

Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, ya mai da ita tari. Barmo ya dubi hanyar gabas, ba kowa. Ya dubi ta yamma, wata kaza ce ke tsallakawa.

Ya ce, “Mene ne a mudun?”

“Inuwarmu.”

“Buɗe in gani.”

“Sanda tukuna.”

“In na karya ba komai ciki fa?”

Nomau ya ce, “Sai ka yanko wata, ranka ya daɗe, gora ba ta ƙare a dawa ba. Amma sai dai ka shafe bakin mudun kaza, don mu mun tafi.” Ya kama igiyar jaki.

Zufa na bin wuyan Barmo. Ya juya sandar a hannu, ya dubi tabarmar da ta yi mako uku ba ta tara abin kunun yaro ba. Ya ɗora sandar a gwiwa. Ƙas!

Gwamma ta ɗaga faifai. Inuwa ta malalo daga mudun kamar ruwan rini, ta bi ƙasa, ta haye ƙafafun mutane, ta kewaye tsamiya ta kwanta inda ta saba. Akuyar nan ce ta fara zuwa ta kwanta. Kafin azahar aka jiyo kukan jakunan fatake ta gabas, Nomau na ihu a kawo masa wuƙa.

Wadda ta fara zuwa awo wurin Gwamma ranar, matar Barmo ce. Ta cika mata mudu da tozo, ta ɗebo dintsi ta ƙara. Abin da ya zube, Barmo ya bi shi da ido har ƙasa.

Masu tarihin fada har gobe cewa suke yi Barmo ne ya raya kasuwar Ƙirya, kuma ba na musu da su a gaban jama'a. Ni dai abin da na lura da shi, in suka gama ba da tarihin suka zo awo, ba wanda ke ɗaga buhunsa sai ya ji an ce, “Ga gyara.”